Ila Wanzami Ya Hau Gadarsa

In ka wuce Rigachikun kaɗan, ka saki kwalta ka bi wata hanyar burji da ta kutsa cikin gonaki, za ka iske inda layin dogo ya hau tudu, ita kuma hanyar ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashinsa. A nan wata tsohuwar gadar kankare take, ta yi baƙi saboda ruwan sama da hayaƙi, tun zamanin Turawa aka zuba ta. Ba wata babba ba ce. Mota ɗaya ke wucewa ta cikinta, in kuma dogon mutum ya ɗaga sanda zai taɓo rufinta. Amma a wurin Ila Wanzami, kaf ƙasar nan ba a yi gini irinta ba, kuma tasa ce. Haka yake cewa, "gadata," kamar yadda wani zai ce rigata ko akuyata.

Ila mutumin wani ƙauye ne a wajen Giwa. Gajere ne, mai ƙaton kai da siririn wuya, ga murya kamar ta mai shela. A farkon shekarun 1980 ya taso zuwa Kaduna da matarsa Balaraba, da 'yarsu Mariya a goye, da zabirar askinsa a rataye. Ya fara shimfiɗa tabarma a tashar Kawo, ya iske wanzamai sun fi kawuna yawa. Ya koma gindin wani mangwaro a Mando, can kuma balbelu suka hana shi sakat: yana gama wanke kan mutum, sai su sake shafa masa nasu sabulun daga sama. Daga ƙarshe suka sami ɗaki a Unguwar Ɗinya, ƙauyen da hanyar burjin nan take zuwa, ya riƙa yawon aski gida-gida.

Ruwan sama ne ya haɗa shi da gadar. Wata ranar kasuwa hadari ya taso masa a hanya, ya ruga ya fake a ƙarƙashinta, ya tarar manoma sun riga shi. Ruwa ya ƙi tsayawa. Ila ya dubi kawunan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk sun yi buya-buya, sai ya kwance zabira. Ya tari ruwan da ke zuba daga gefen gada a ƙoƙo, ya ce wanda ya fi kowa suma ya matso. Kafin a ɗauke ruwa babu wanda ya rage da gashi. Da ya koma gida ya ce wa Balaraba, "Na sami shago."

"A ina?"

"Na kankare ne. Ƙofa biyu, gabas da yamma, kuma babu mai zuwa karɓar haya."

Washegari ta bi shi don ta gani. Ta dubi gadar, ta dube shi, ta ce, "Malam, wannan ai hanya ce."

"Tsakiya ne hanya," in ji shi. "Gefe shago ne."

Bayan 'yan shekaru sai ga Irmiya. Shi mutumin Kagoro ne, dogo, mai magana a hankali. Masinja ne a wani ofishi a cikin gari har aka yi ragin ma'aikata, abin ya faɗa kansa. Abin da ya fito da shi daga aikin shi ne keke da iya gyaransa. Ya zo da famfo da akwatin faci ya ajiye a jikin ɗaya bangon gadar, ya yi sallama. Ila ya amsa a daƙile, ya ce masa wurin nan da mai shi.

"Na 'yan reluwe ne, na sani," in ji Irmiya.

"Sama ne nasu. Ƙasa nawa ne."

Irmiya ya cire hula yana sosa kai yana tunanin abin faɗa. Ila ya ga irin sumar da ta fito daga ƙarƙashin hular, ransa ya kasa jurewa. Ya ce, "Zauna in rage maka wannan tukuna, sai mu yi magana."

Ba su taɓa yin maganar ba. Daga ranar kowa ya riƙe bangonsa, suna gardama ta tsallaken hanya daga safe har yamma, kan siyasa, kan ko za a yi ruwa, kan wane ne ya fi wani tsufa. Ranar Juma'a Irmiya ke tsare zabira. Ranar Lahadi Ila ke tsare famfo, yana kuma karɓar kekuna yana yi wa masu su alkawuran da Irmiya bai san da su ba. In baƙo ya zauna aski, Ila kan gaya masa cewa da shi aka zuba kankaren gadar. Irmiya ya ce in haka ne ya girmi kakansa ke nan. Ila ya ce shi bai ce ya ɗauki kwanon kankare ba, cewa ya yi da shi aka yi.

Aibin shagon ɗaya ne, jirgi. In ya taho, tun daga nesa za ka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tabarma, in kuwa ya hau gadar sai ka ce a cikin ganga aka saka ka ana kaɗawa. Yashi ya riƙa zubowa daga tsagar kankare, ɓawon rake da na gyaɗa su biyo baya daga tagogi, wani lokaci har da abin da ba a faɗa. Dokar Ila ita ce, da an ji jirgi ya ɗaga aska sama har ya wuce. Dokar tana aiki, sai fa in jirgin ya same shi a tsakiyar labari, don Ila ba ya katse labari saboda kowa.

Haka ta faru da Mai Unguwa Muhammadu, mai gashin baki irin na tsofaffin 'yan doka, baƙi, mai kauri, wanda yake murzawa in zai yanke hukunci. Ya zo a ɗan daidaita masa shi don za shi ɗaurin aure. Ila ya kama haɓarsa yana ba shi labarin wani bunsuru da ya cinye masa sabulu, sai jirgin kaya ya hau gada. Aska ta yi tsalle. Da ƙura ta lafa, rabin gashin bakin na hagu yana kan gwiwar Mai Unguwa.

"Me ya faɗo?" in ji Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba komai. Jirgi ne ya ɗan taɓa gefe guda. Yanzu zan daidaita."

Ya rage na dama don ya zo daidai da na hagu, sai na dama ya fi gajarta. Ya koma hagu. Ya dawo dama. Irmiya, da ke can yana tsoma tayar keke a ruwa, ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa. Da aka miƙa wa Mai Unguwa madubi, ya daɗe yana kallon wani mutum mai leɓe fayau wanda bai sani ba.

"Ila," ya ce, "ina gashin bakina?"

"Ranka ya daɗe, ai ka koma saurayi."

Mai Unguwa ya ja amawalin rawaninsa ya rufe bakinsa, bai sake sauke shi ba har damina ta wuce, ta cikin ƙyalle aka riƙa jin hukuncinsa. Da gashin ya tsiro wurin Ila ya dawo, sai dai yakan sa a hau tudu a leƙa masa dogo kafin ya zauna.

Ila kuma ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya ba shi, wato ba motoci hannu. Duk motar da ta doso gadar sai ya ajiye aska, ya bar mutum da kumfa a kai, ya tsaya a tsakiyar hanya yana "Taho, taho, taho." Wata kaka wani direba mai suna Bello ya zo da babbar mota cike da buhunan masara. Ya tsaya ya leƙo yana auna gadar da ido.

"Baba, za ta wuce kuwa?"

"Wadda ta fi wannan ta wuce jiya. Taho kawai, ni na san gadata."

Bello ya taho. Kan motar ya shige lafiya, sai aka ji ƙiiii, ƙarafan saman bodi suka ciji kankare, mota ta tsaya cak. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Bello ya diro yana neman Ila, shi kuwa tuni ya bi ta ƙarƙashin motar da rarrafe ya ɓulla ɗaya gefen, daga can yake bayanin cewa zafin rana ne ya sa motar ta kumbura. Ya ba da shawara a sauke kaya. Mutanen ƙauye suka taru suka sauke buhunan nan kaf, motar da ta ji nauyi ya bar ta sai ta ƙara miƙewa, ta manne da rufin gada fiye da dā. Aka sake mayar da buhunan. Daga nan Irmiya ya ce a sace iskar tayoyin. Aka sace, mota ta durƙusa, ta silale ta fita, kowa ya yi tafi.

Sai da tafin ya ƙare aka lura cewa ga babbar mota zaune a kan tayoyi marasa iska, kuma duk ƙauyen famfo ɗaya ne, na keken Irmiya. Mazan Unguwar Ɗinya suka yi layi suna karɓa-karɓa, wannan ya buga har hannunsa ya mutu, wancan ya karɓa. Sai washegari motar ta tashi. Ila kuwa, duk wanda ya gaji da bugun famfo sai ya kira shi ya zo ya huta a tabarma, kafin mutum ya ankara an jiƙa masa kai. Har ya tsufa yana cewa bai taɓa cin kasuwa irin ta ranar ba.

Irmiya ne ya jawo maganar da ta kai Ila Zariya. A shekarar 1989 ne, wata rana Ila yana yi wa wani mai sayar da itace bayanin ƙarfin gadar, sai Irmiya ya ce daga can bangonsa, "Wanzam, yaya samanta yake?"

Ila ya yi kamar bai ji ba.

"Da kai nake. Duk shekarun nan, ka taɓa hawa?"

"Kai ka taɓa hawa rufin cocinku?"

"Na hau. Ni na buga kwanon."

Mai itace ya yi dariya har aska ta kusa yanke masa kunne. Gaskiyar magana, Ila na tsoron tsayi. Ko rumbu ba ya hawa, Balaraba ce ke shiga ta ɗebo dawa, shi yana riƙe mata tsani yana ba ta umarni. Tudun dogon nan da akuyoyi da tsofaffin mata ke hawa kullum, bai taɓa sa ƙafa a kansa ba. Ya kwana da maganar tana cinsa, da safe ya zo ya tsaya a gaban Irmiya.

"Ni ba akuya ba ne da zan hau tudu da ƙafa huɗu," in ji shi. "In zan ga saman gadata, a jirgi zan gan shi, a zaune, kamar mutum."

Balaraba ta yi masa guzuri kamar mai tafiya aikin hajji: dambu, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, buta, da bargo. Maƙwabta suka zo sallama, ya yafe wa kowa, har da waɗanda ba su taɓa yi masa komai ba. Ya bar wasiyya cewa in jirgin Kano zai wuce, Balaraba da Irmiya su tsaya a bakin gada ta gabas su ɗaga hannu, shi kuma zai jefo musu goro. Ya rataya zabira, ya shiga motar haya zuwa tashar jirgi ta cikin gari, ya yanki tikitin Zariya.

Jirgi ya makara, taragon ya cika maƙil da mutane da buhuna, amma Ila ya sami gefen taga. Tun kafin a tashi ya sanar da kowa cewa a gaban Rigachikun akwai wata gada da ya kamata duk mai ido ya gani. Ya kwatanta kaurin bangonta da hannu biyu. Ya ce in mutum ya leƙa daga samanta, babbar mota kamar akwatin ashana zai gan ta. Wata 'yar kasuwa mai suna Uwani, da ke zaune a gabansa da kwandon kaji a cinya, ta ce ita fa tana bin hanyar nan kullum, ba ta taɓa ganin wata gada ba.

"Hajiya, barci kike yi," in ji Ila. "Yau ki buɗe ido."

Aka wuce Kawo, aka wuce Rigachikun. Ila ya fara gane itatuwa, ya fito da goro ya riƙe, ya ce kowa ya shirya. Daidai nan wani zakara ya sami kafa a kwandon Uwani, ya fice, ya shige ƙarƙashin kujera ta tsakanin ƙafafun Ila.

"Malam, kama mini shi!"

Ila ya sunkuya ya cafko ƙafar zakara. Yana ƙasa ya ji ƙarar jirgi ta canja, gurum-gurum, ta koma yadda take. Ya ɗago da zakara a hannu ɗaya, goro a ɗaya, ya ga gonar dawa.

"Ina gadar?" in ji wani dattijo da ya miƙe tsaye don ya gani.

"Yanzu za mu zo," in ji Ila, amma muryarsa ta yi ƙasa, don ya gane tsamiyar da suka wuce, kuma ya san bayan gada take.

Uwani ta karɓi zakaranta ta ce, "Au, wai wannan da muka tsallake yanzu? Malam, wannan ai kwalbati ce."

Taragon ya kwashe da dariya. Ila ya mayar da goron aljihu, ya juya fuska ga taga har Zariya. Ko dambun bai ci ba. A can ƙasa kuwa, Balaraba da Irmiya sun ɗaga hannu har taragon ƙarshe ya wuce, abin da aka jefo musu shi ne ɓawon lemo.

Ya sauka wurin wani ɗan'uwansa a Tudun Wada, washegari ya kamo jirgin dawowa. Wannan karon bai gaya wa kowa komai ba. Ya kama gefen taga da hannu biyu tun daga Zariya, ya kafe ido a waje. Aka yi masa tayin rake, ya girgiza kai. Wani ya tambaye shi lokaci, ya ce bai sani ba. Jirgin yana tafiya yana nishi, don a shekarun nan jiragen duk sun tsufa. Da suka doso Unguwar Ɗinya sai kan jirgin ya fara tari, ya rage gudu, ya koma tafiyar hawainiya, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya mutu. Tagar Ila kuwa daidai tsakiyar gada ta tsaya.

Ya leƙa. Ga hanyar burji can ƙasa, ga rufin ɗakinsa a nesa, ga wata akuya tana kallonsa. Sai ya ƙanƙame gefen taga. Zai janye kai ke nan ya hango wani abu da ya fi tsayin tayar masa da hankali. Irmiya ne ya jawo tabarmar aski zuwa bakin gada inda haske yake, ya zaunar da wani manomi, yana datsar masa suma da almakashin yankan faci.

"Irmiya!" Ila ya kwarara ihu. "Me kake yi wa kan mutane?"

Irmiya ya duba gabas, ya duba yamma, sannan ya ɗaga kai. "A'a, Wanzam! Ka iso? Cewa ya yi ba zai iya jira ba, suna gare shi gobe."

"Ajiye almakashin nan! Kan mutum ba taya ba ne!"

"To sauko ka ƙarasa mana."

"Ina zuwa. Ina duba wurin ne tukuna."

Ma'aikatan jirgi suka bi tarago-tarago suna cewa sai an aiko wani kan jirgi daga Kaduna, kowa ya yi haƙuri. Fasinjoji suka fara sauka ta ƙofofi, suna gangarawa gefen tudu. Kafin wani lokaci matan ƙauye sun fito da fura da ɗanwake da rogo, ƙarƙashin gada ya zama kasuwa. Ila ya lallaɓa har bakin ƙofa, ya dubi matakalar da ta ƙare a iska, ya dubi gangaren. Wata tsohuwa ta ce ya matsa mata, ta sauka da ƙunshi a kai da tunkiya a igiya. Ila ya koma kujerarsa ya zauna.

Balaraba ta zo ta tsaya a ƙasan tagar, hannu a ƙugu. "Malam, ga gida can kana gani. Ka sauko mana."

"Tikitina na Kaduna ne. Ba a sauka a inda ba tasha ba, doka ce."

"Duk mutanen nan fa?"

"Su suka sani."

Ta san mijinta. Ta koma gida ta ɗauko igiyar guga da kwanon tuwo. Irmiya ya wurga igiyar sama har Ila ya cafke, aka ɗaura kwano, ya jawo. Miya ta ɗan zube a kan manomin nan mai rabin aski, wanda ke tsaye yana jira a san yadda za a yi da kansa. Daga baya shi ma ya gaji, ya hau tudu ya shiga taragon, Ila ya kwance zabira ya gyara ɓarnar Irmiya yana tsaki. Fasinjojin da suka rage a ciki suka ga aski yana kyau, suka bi layi. Kafin la'asar Ila ya sake, muryarsa ta dawo, har yana cewa in da 'yan reluwe za su bar masa taragon nan da ya buɗe reshe.

Da rana ta yi sanyi Irmiya ya ga abin ba na ƙarewa ba ne. Ya hau tudu da singileti da gajeren wando, hannu duk baƙin mai, ya shiga taragon ya durƙusa a gaban Ila ya juya masa baya.

"Hau in goya ka. Ka rufe ido, ba wanda zai sani."

"Duk garin yana ƙasa yana kallo, ka ce ba wanda zai sani?"

"To mu bi ta yamma."

"Can ma akwai mata."

Suna cikin haka aka ji wani ƙaho daga kudu, aka ji taragon ya yi girgiza. Kan jirgin da ake jira ne ya iso. Fasinjoji suka yo sama a guje, da kwanuka da yara da tunkiya, suka toshe ƙofofi. Irmiya ya yi ta "Ku ba ni hanya, ni ba matafiyi ba ne," ba wanda ya saurare shi. Jirgi ya ja. Ta taga suka ga Balaraba a bakin gada tana ɗaga musu hannu, ɗaya hannun kuma ta riƙe ciki don dariya. Ila ya lalubo goron nan na jiya ya jefa mata, ya faɗa a gonar wani.

Mai duba tikiti ya iske Irmiya a tsaye babu riga babu tikiti. Irmiya ya yi masa bayani da Turancin ofis, mutumin bai gamsu ba. Ila ya sa baki ya ce ɗan'uwansa ne, ya zo goyonsa ne jirgi ya tashi. Mai duba tikiti ya dubi dogon, ya dubi gajeren, ya ce shi dai yau ya gaji, ya wuce. A tashar Kaduna, inda dakali ya zo daidai da ƙofa, Ila ya sauka da ƙafarsa cikin isa, har yana ce wa Irmiya ya kula da matakala. Suka dawo gida a bayan a-kori-kura, Irmiya lulluɓe da bargon guzuri.

Washegari mutane suka cika ƙarƙashin gada don jin labari. Mai Unguwa da kansa ya tambaye shi yadda saman yake. Ila ya wasa aska a fata, ya gwada ta a gashin hannunsa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, tsakuwa ce da katako da ƙarfe biyu. Babu komai a can. Wanda ya gina ta, a ƙasa ya zuba basirarsa." Bai sake shiga jirgi ba. Labarin Uwani mai kaji kuwa, da bakinsa ya ba Balaraba a asirce, ita kuma ta ba matar Irmiya a asirce. Daga nan duk ranar da gardama ta yi zafi, Irmiya kan ce a hankali, "Bari in koma gefena na kwalbati," sai Ila ya yini ba ya kula shi.

A 1996 Mariya, wadda ta auri wani tela a Abakpa, cikin garin Kaduna, ta matsa wa iyayenta su dawo kusa da ita, don Balaraba ta fara ciwon gwiwa. Ila ya yi ta ja, daga baya ya yarda, bayan ya tara shaidu ya danƙa wa Irmiya riƙon gadar, da sharaɗin kada ya ƙara taɓa kan kowa. Irmiya kan zo Abakpa a kan keke ranar Asabar, su zauna a zaure su ɗora gardama daga inda suka tsaya.

A Abakpa samari ba sa son aska, shagon masu injin lantarki suke zuwa. Wannan bai hana Ila aiki ba. Ya shimfiɗa tabarma a zauren surukinsa, duk wanda ya shigo da gashi ya shiga hannu. Da jikokinsa suka tasa, sai suka koma shiga gida ta katanga. Wata rana wani mai karanta mitar wuta ya yi sallama, ya ce mita kawai zai duba ya wuce. Ila ya ce ai baƙo ba ya wucewa bai sha ruwa ba, ya zaunar da shi, ya kira a kawo ruwa, ya fara ba shi labarin babbar motar masara. Mutumin ya cire hula don ya yi fifita. Da Mariya ta fito da kofin ruwa, ta tarar an riga an gama gefe guda, mai mita yana zaune shiru da biro a hannu, Ila yana riƙe da kunnensa yana cewa kada ya motsa, saura kaɗan.